Ramuka 25 a Bayan Tsohuwar Kwamfuta: Me Ya Rage wa Kafar Firinta a Kudancin Kaduna?

Duk wanda ya juya bayan tsohuwar kwamfutar tebur, irin waɗanda har yanzu ake cin karo da su a shagunan buga takardu na Barnawa da Sabon Tasha ko a ƙarƙashin teburin mai gyara a Kakuri, zai ga wata kafa mai faɗi, galibi launin ruwan hoda, da ramuka 25 a jeri biyu: 13 a sama, 12 a ƙasa. Masu gyara suna ce mata faralel, Windows kuma tana rubuta ta LPT1. Aiki ɗaya aka yi ta dominsa, wato kai haruffa zuwa firinta. Amma tsawon shekaru fiye da 20 ita ce hanya mafi araha da ɗalibi ko makaniki ke bi ya sa kwamfuta ta taɓa abin da ke wajenta: ta kunna fitila, ta ja rile, ta juya moto, ta ji an danna maɓalli.

Yau sababbin kwamfutoci ba sa zuwa da ita. Tambayar da ta dace da unguwannin kudancin kogin Kaduna, inda manyan masana'antu suka durƙushe kuma ƙananan shaguna suka ɗauki ragamar sana'a, ita ce ko akwai sauran dalilin koyon sarrafa ta. Amsar tana buƙatar a san inda ta fito, yadda take aiki, abin da take iyawa da kuma abin da take ƙonawa.

Daga firinta aka faro

A 1970 wani kamfanin Amurka mai suna Centronics ya fitar da firinta samfurin 101, mai buga haruffa da allurai a kan ribin. Dabarar da ya bi wajen karɓar harafi ita ce wayoyi jere da juna, kowace tana ɗauke da ɗigo ɗaya na bayani, a aiko su gaba ɗaya. Da kamfanin IBM ya fito da kwamfutarsa ta farko ta tebur a watan Agustan 1981, sai ya ɗauki wannan tsari, ya sa soket mai ramuka 25 a ɓangaren kwamfuta, ya bar kai mai haƙora 36 a ɓangaren firinta. Wannan ce igiyar nan mai kauri da ake maƙale ta da ƙarafa biyu a bayan firinta, wadda duk wanda ya yi aiki a ofis kafin 2005 ya sani.

Da farko hanya ɗaya take bi, daga kwamfuta zuwa firinta. A 1987 IBM ya ba ta damar karɓa da aikawa a kwamfutocinsa na PS/2. A 1991 kamfanonin Intel da Xircom da Zenith suka fito da tsarin EPP mai sauri, Microsoft da HP suka biyo baya da ECP a 1992, sannan a 1994 aka tattara su duka a ƙa'ida guda mai lamba IEEE 1284. Saurin ya tashi daga kimanin kilobayit 150 a daƙiƙa zuwa wajen megabayit 2. A wannan zamani ne aka rataya mata kusan komai: na'urar ɗaukar hoton takarda, faifan Zip mai cin megabayit 100, igiyar kwashe fayil tsakanin kwamfutoci biyu, da wani ɗan makulli da kamfanonin manhaja ke bayarwa, wanda idan ba ya jikin kafar manhajar ba za ta buɗe ba.

Lokacin da kwamfuta ta wadata a Kaduna ya zo daidai da lokacin da masana'antun Kakuri ke mutuwa. Masaƙar KTL, wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002. Masaƙar UNTL ma ta tsaya a 2007. A waɗannan shekarun ne kwamfutocin gwanjo daga Turai da Amurka suka riƙa kwararowa ta Legas. Wani rahoto da ƙungiyar Basel Action Network ta fitar a 2005 ya ce kwantena kusan 500 na tsofaffin kayan lantarki ke sauka a tashar jiragen ruwan Legas kowane wata, kuma kaso mai yawa daga ciki ba ya gyaruwa. Waɗanda suka gyaru, masu Pentium III da Pentium 4, su suka hau tirela zuwa Arewa, kuma kusan kowace da kafarta ta firinta a baya.

Abin da ke cikin ramukan

Idan kwamfuta za ta aika harafi, tana mai da shi lamba mai ɗigo 8, kowane ɗigo ko dai 1 ko 0. Hanya biyu ce ta kai su. Abokai takwas da za su tsallaka gadar kogin Kaduna zuwa shataletalen Station suna iya bin sahu ɗaya bayan ɗaya, suna kuma iya jerawa kafaɗa da kafaɗa su isa tare. Kafar siriyal da USB sahu suke bi. Kafar firinta jerawa take yi, shi ya sa take buƙatar wayoyi 8 na bayani. Jerawar ta fi sauri muddin tafiyar gajera ce. Idan ta yi tsawo wani zai riga wani isa, shi ya sa igiyar firinta mafi inganci ma ba ta wuce mita 10.

Ramukan 25 kashi huɗu ne. Daga na 2 zuwa na 9 su ne na bayani. Na 10, 11, 12, 13 da 15 kunnuwan kwamfuta ne, ta nan firinta ke faɗa mata halin da take ciki. Na 1, 14, 16 da 17 na ba da umarni ne. Daga na 18 zuwa na 25 duk wayar ƙasa ce. Idan aka tattara, kwamfuta tana da layuka 12 na fitarwa da 5 na saurare. A kan kowane layi, 1 yana nufin wuta kusan bolt 5, 0 kuma yana nufin babu.

Ga yadda harafin A ke tafiya. Lambarsa 65 ce, wato 64 da 1, don haka kwamfuta za ta sa wuta a rami na 2 da na 8, ta bar sauran shida a kashe. Za ta duba rami na 11 ta ga ko firinta tana cikin wani aiki. Idan ba ta yi, sai ta ɗan ja rami na 1 ƙasa na wani ɗan lokaci, kimanin kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, alamar cewa ga kaya nan an ajiye. Firinta ta ɗauka, ta ɗaga rami na 11 har ta gama, sannan ta taɓa rami na 10 a matsayin amsa. Idan takarda ta ƙare, rami na 12 ne zai ɗaga. Haka ake yi wa kowane harafi, ko da littafi guda ake bugawa.

Sirrin da ya ba kafar farin jini shi ne cewa ba ta san abin da aka jona mata ba. Lambar da aka rubuta mata tana nan zaune a ramukan har sai an rubuta wata. Ko firinta ce a can ƙarshen waya ko fitila, duk ɗaya ne a wurinta.

Lamba 888

A cikin kwamfuta kowace kafa tana da adireshi. Na kafar firinta ta farko galibi 888 ne, wanda littattafan injiniyoyi ke rubutawa 378 a ƙidayarsu mai tushe 16. Ta biyu tana 632, wasu tsofaffin kwamfutoci kuma suna amfani da 956. Adireshin farko na layukan bayani ne, wanda ke bi masa, 889, na saurare ne, 890 kuma na umarni.

A ɗauki ɗalibi a ɗakinsa a Narayi, yana haɗa danja ta gwaji. Ya samo kan igiyar firinta da ta lalace, ya fere wayoyin, ya bi su da mita har ya gano na 2, na 3, na 4 da na 25. Ya liƙa ƙananan fitilun LED uku da dalma, ja da ruwan ɗorawa da kore, kowace da rezista mai om 470 a gabanta, ya haɗa ɗaya ƙafar tasu da waya ta 25. Ya buɗe QBasic ya rubuta OUT 888, 1. Jar fitila ta kama. Ya rubuta OUT 888, 2, ja ta mutu, ruwan ɗorawa ta kama. OUT 888, 4 ta kunna kore. Da ya so ja da ruwan ɗorawa su kama tare sai ya tara 1 da 2 ya rubuta 3. Kowane rami yana da nauyinsa, yana ninka na bayansa: 1, 2, 4, 8, 16, 32, 64, 128. Idan aka rubuta 255 duka takwas za su kama, 0 kuma ta kashe su baki ɗaya.

Ɗalibin da ya yi wannan da hannunsa ya gama da ƙidayar 1 da 0 har abada. Abin da malami zai yi mako yana zanawa a allo, fitila ta nuna masa cikin rabin awa.

Saurare ma haka yake. Idan aka sa maɓalli tsakanin rami na 13 da wayar ƙasa, aka karanta INP(889), lambar da ta fito za ta ragu da 16 duk lokacin da aka danna. Amma akwai tarko a nan. Rami na 11 a juye yake: idan aka haɗa shi da ƙasa lambar ƙaruwa take yi da 128. A ɓangaren umarni ma ramuka na 1, 14 da 17 a juye suke, an rubuta 1 wuta ta ɗauke, an rubuta 0 ta kawo. Gado ne daga yadda aka tsara firintocin farko, kuma ya sa ɗalibai da yawa kwana suna zargin dalmarsu alhali laifin ba nata ba ne.

Wanda ke rubutu da Turbo C yana da outportb da inportb, aikinsu ɗaya da na QBasic. Da waɗannan umarni biyu aka yi ayyukan kammala karatu masu ɗimbin yawa a kwalejojin kimiyya da fasaha na ƙasar nan a shekarun 2000: danja, allon rubutu mai tafiya, na'urar kunna fitilun gida daga kwamfuta, ƙararrawar ɓarawo. Kaduna kuwa cibiya ce a wannan fage. A nan hedikwatar hukumar NBTE take, wadda aka kafa a 1977 don tsara manhajar karatun irin waɗannan kwalejoji. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda ta faro a 1956, tana da reshe a Barnawa, sashenta na injiniya kuma yana Tudun Wada, kusa da tsohuwar kasuwar Panteka inda ake ƙera kusan duk abin da aka zana wa maƙeri.

Ranar da Windows ta rufe ƙofa

A zamanin DOS da Windows 95 da 98, kowace manhaja tana iya miƙa hannu kai tsaye ta taɓa adireshi 888. Daga Windows NT, sannan 2000 da XP wadda ta fito a watan Oktoban 2001, aka hana. Dalilin mai kyau ne: manhajar da ke iya rubutu a kowane adireshi tana iya rikita faifai ko ta daskarar da kwamfuta gaba ɗaya. Sai ya zamana furogiram ɗin da ya yi aiki lafiya a tsohuwar kwamfutar gida yana faɗuwa da saƙon kuskure a kwamfutar makaranta.

Mafitar da ta bazu ita ce wani ɗan fayil mai suna inpout32.dll, wanda ke shigar da direba a cikin Windows ya riƙa yi wa manhaja aike. Umarni biyu yake bayarwa, Out32 da Inp32. Masu Visual Basic 6, wanda ba shi da umarnin taɓa kafa ko kaɗan, da shi suka dogara wajen yin allo mai maɓallai: a danna hoton fanka da linzami, fanka ta gaske ta tashi. A Linux kuma ana buɗe kafar kamar fayil mai suna parport0, ko mai cikakken iko a kwamfutar ya nemi izinin adireshin kai tsaye.

Akwai wani hali da ya kamata mai haɗa na'ura ya sani. Lokacin da kwamfuta ke tashi, kafin manhajar mutum ta fara aiki, ita kanta tana lalube a kafar don ta ga ko akwai firinta, ramukan kuma suna kamawa suna mutuwa yadda suka ga dama. Idan fitila ce a jiki ba komai. Idan injin jan ruwa ne ko zarto, zai iya tashi ba wanda ya umarce shi. A garin da wuta ke ɗaukewa ta dawo ba sallama, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

Bolt 5 da bolt 230

Ramin kafar firinta ba ya ba da ƙarfi. A tsarin asali, abin da kowane layi ke iya fitarwa bai kai miliamf 3 ba, wato da ƙyar yake haska LED guda. Wasu kwamfutocin baya-bayan nan ma bolt 3.3 suke fitarwa maimakon 5. Rile mai bolt 12 yana buƙatar ninkin wannan sau goma ko fiye. Wanda ya jona rile kai tsaye zai ƙona layin, kuma da yake a yawancin kwamfutoci kafar tana cikin guntu ɗaya da ke manne a madabod, asarar ba ta tsayawa a rami ɗaya.

Hanyar da ta dace hawa-hawa ce. Rami ya tura tiransista ko guntun ULN2803 mai ɗauke da tiransistoci 8 a ciki, shi kuma ya ja rile da wutar da aka kawo daga wani wuri dabam, rile ya kunna kayan bolt 230. Idan tiransista ce zalla, dole a gicciya dayod irin 1N4007 a kan nadin rile, domin duk lokacin da aka yanke masa wuta yana mayar da wani bugu mai ƙarfi baya. Mafi aminci shi ne a sa oftokofla a tsakani, irin PC817 ko 4N25. Ɗan baƙin guntu ne da ke da fitila da idon karɓar haske a rufe a cikinsa, saƙo yana tsallakawa ta haske, babu wayar da ta haɗa kwamfuta da ɓangaren wuta. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da madabod.

Yanayin Kaduna ya ƙara wa wannan nauyi. Gidaje da shaguna da yawa ba su da atin na kirki, kuma duk wanda ya taɓa bayan kwamfuta ya ji ta ɗan ja shi ya san alamar. Idan kwamfuta da na'urar da aka jona mata suna kan soket dabam-dabam, ko ɗaya na janareta ɗaya na wutar gari, bambancin da ke tsakaninsu ta cikin igiyar zai bi. Ga tsawar damina, ga walda a shagon maƙwabci. Dokar da tsofaffin masu gyara suka sani ba ta canja ba: ba a cusa igiyar faralel ko a zare ta alhali kwamfuta ko firinta tana kunne.

Inda har yanzu take cin abinci

Fage biyu ne suka hana kafar mutuwa. Na farko firintocin allura, masu ƙarar nan da ke buga rasit da kwafinsa a lokaci guda. Epson LX-300 ta yi suna a ofisoshi da kantunan Najeriya, magajiyarta LX-350 kuma har yanzu tana zuwa da kafar faralel tare da USB. Ribin yana da araha, ƙura ba ta damun ta, kuma ita kaɗai ke buga takarda mai kwafi uku.

Na biyu ya fi muhimmanci ga kafintoci da masu walda da masu yin allunan talla, wato injin sassaƙa da yanka da kwamfuta ke tuƙawa, CNC. Irin wannan inji yana tafiya da moto mai taku, wanda ke juyawa ɗan kaɗan duk lokacin da aka aiko masa da bugu ɗaya. Kowane moto layi biyu yake so, ɗaya na taku ɗaya na alkibla. Moto uku, na gaba da baya, na hagu da dama, na sama da ƙasa, sun ci layuka 6 cikin 12. Sauran sun ishi kunna wuƙar sassaƙa da famfon sanyaya. Layukan saurare 5 kuma sun ɗauki makunnan iyaka da jan maɓallin tsayarwar gaggawa. Kamar don wannan aiki aka ƙirga ramukan.

Lissafin ma a fili yake. Moton da aka fi samu yana taku 200 kafin ya zagaya sau ɗaya. Idan sukurin da yake juyawa yana matsar da tebur milimita 5 a kowane zagaye, taku 40 ke nan a milimita. Idan direban moton ya raba kowane taku gida 8, bugu 320 ake buƙata. Manhajar Mach3, wadda ta fi kowace yaɗuwa a ƙananan injuna, tana fara aiki da bugu 25,000 a daƙiƙa, wanda ya ba da kusan milimita 78 a daƙiƙa, wato kimanin mita 4.7 a minti. Wannan ya ishi sassaƙa ƙofar katako ko yanka haruffan allon shago.

Sharaɗin shi ne bugun ya zo a kan kari, ba gaggawa ba jinkiri. Idan kwamfuta ta shagala da wani aiki na ɗan ƙiftawar ido, moto zai tsallake taku, zanen ya karkace, katakon ya tafi a banza. Shi ya sa direban faralel na Mach3 ba ya aiki sai a Windows mai ɗigo 32, kuma ba a so a yi shi a laftof, domin dabarunta na tattalin batir suna katse lokaci. LinuxCNC, wadda kyauta ce kuma ta samo asali daga wani aikin hukumar ma'aunai ta Amurka, tana zuwa da gwajin da ke auna jinkirin kwamfuta kafin a amince da ita. Matsalar ramukan da ke rawa lokacin tashi kuma an magance ta da dabara: allon da ke tsakanin kwamfuta da inji ba ya sakin wuta sai ya ji wani bugu marar yankewa da manhajar kaɗai ke iya fitarwa. Sakamakon duk wannan shi ne tsohuwar Pentium 4 da aka jefar a kusurwar ofis ta fi sabuwar laftof amfani a gaban irin wannan inji. A nan kam da tsohuwar zuma ake magani.

Kada a ɗauka manyan masana'antu haka suke yi. Matatar man Kaduna da aka buɗe a 1980, ko kamfanin haɗa motocin Peugeot da ya fara aiki a Kakuri a 1975, ko masana'antar kayan soja ta DICON da aka kafa a 1964, wurare irin waɗannan da na'urorin sarrafawa na musamman suke aiki, waɗanda aka gina don zafi da ƙura da aiki dare da rana. Amma tunanin ɗaya ne: karanta makunni, yanke shawara, kunna ko kashe. Yaron da ya koyi wannan a rami na 2 da na 13 ba zai zama baƙo a gaban allon masana'anta ba.

Abin da ya kashe ta

USB ta fito a 1996. Zuwa 2000 tana gudun megabit 480 a daƙiƙa da wayoyi 4 kacal, tana ba da wuta, ana cusa ta a zare ba tare da kashe komai ba. Masu ƙera laftof suka fara yar da kafar firinta, na tebur suka bi sahu.

Kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane shi ne sayen igiyar nan mai USB a kai ɗaya da faralel a ɗaya kan. Tana aiki da firinta, amma ba ta da adireshi 888, kwamfuta firintar USB kawai take gani. Ba za ta kunna fitila da Out32 ba, ba za ta tuƙa Mach3 ba. Wanda ke buƙatar kafa ta gaske sai ya sa kati a cikin kwamfutar tebur, ya kuma duba adireshin da Windows ta ba katin, domin ba zai zama 888 ba. Wasu madabod na kwamfutocin ofis suna da wurin kafar a ciki, filoli a jere da aka rubuta LPT a gefensu, igiya kawai suke jira.

A fagen koyo kuwa Arduino ne ya gaje ta. An fara shi a garin Ivrea na Italiya a 2005, Raspberry Pi ta biyo a 2012 daga Ingila. Arduino Uno yana da layuka 14 na kunnawa da kashewa, da 6 na auna abu kamar zafi ko haske, abin da kafar firinta ba ta iyawa sai an ƙara mata guntu. Manhajar GRBL ta kyauta tana mai da shi mai tuƙa injin CNC. Abin dariyar shi ne a farkon zamanin Arduino, hanya mafi araha ta zuba wa guntunsa manhajar farko ita ce igiyar faralel da rezista uku.

Babban bambancin a wuta yake. Kwamfutar tebur da allonta suna shan wat 100 ko fiye. Idan za ta yini ta kwana tana gadin tankin ruwa, a wata guda ta sha yunit 72, wanda a farashin naira 225 da aka sa wa 'yan rukunin A na masu biyan kuɗin wuta a watan Afrilun 2024 ya kama naira 16,200. Arduino ba ya shan ko wat 1, ƙaramin batir da ɗan faifan sola sun riƙe shi, kuma idan wuta ta ɗauke ta dawo yana ci gaba da aikinsa cikin daƙiƙa biyu.

Hukunci

Wanda zai ƙera sabon abu don sayarwa, ko na'urar da za ta yi aiki ba mai tsaro, kada ya gina ta a kan kafar firinta. Kayan gyaranta ƙarewa suke yi, tana shan wuta, kuma galibi ta dogara da Windows XP, wadda kamfaninta ya daina kula da ita tun 2014. Idan dole ne a riƙe irin wannan kwamfuta saboda inji, a raba ta da intanet.

Amma mai injin CNC ko firintar allura da ke aiki lafiya ba shi da dalilin zubar da su. Abin da ya kamace shi shi ne ya ajiye madabod na biyu tun ana samu da araha, ya kwafi saitin manhajarsa a wuri dabam, ya gyara atin ɗin shagonsa.

Ga makarantun sakandare da cibiyoyin koyon sana'a na Kakuri, Makera, Television da Sabon Tasha kuwa, tsofaffin kwamfutocin da ke jibge a sito kayan aji ne da an riga an biya kuɗinsu. Kwamfuta ɗaya, kan igiya ɗaya, LED 8 da rezista 8 sun isa a koyar da ƙidayar 1 da 0, adireshi, shigarwa da fitarwa, kafin a miƙa wa yaro Arduino. Shugabannin waɗannan makarantu su sa a duba bayan kowace kwamfuta kafin a kira 'yan gwangwan su auna ta a sikeli, duk mai ramuka 25 da ke tashi a mayar da ita aji.